Birkin Hannu

Shekara tara motar nan tana zuwa garejina
da tarinta irin na tsohuwa mai tsotsar taba.
Ni na san kukanta tun daga kwanar tasha,
ni na ɗaure mata salansa da waya ranar wata Laraba.
Yau Sahalu ya ce za ta hau ruwa.

Na ce, ruwa kamar yaya?
Ya ce, jirgin fito ne, Yaya, bakinsa ya fi ƙofar gari.
Can inda ƙasa ta ƙare, Banjul tana tsallake,
mota ta shiga da ƙafarta, a kashe ta,
ta tsaya tsakanin tirela da akori-kura,
ruwa ya karɓi tuƙi.

Ni da ban san ruwan da ya wuce Daberam ba,
shi ma daga gaɓa, ƙafar wando a naɗe.

Daren Asabar muka yi lodi da fitilar waya.
Keken ɗinkin Barira aka raba kai da ƙafa,
kan ya shiga bargo kamar mai zazzaɓi.
Tukwane cikin tukwane, kuka cikin tukwane,
daddawa a leda uku don kada kwastan ya yi atishawa.
A kan turmi aka yi rigima.
Sahalu ya ce nauyi, Barira ta ce na uwarta ne.
Turmi ya hau.
Firji ya sauka, shi da tattabaru bakwai,
sun zama nawa ba tare da na roƙa ba.

Na tsuguna na leƙa ƙarƙashinta.
Sifirin ya miƙe, bayanta na sunsunar ƙasa.
Na ƙara wa tayoyi iska,
na sake taɓa nocin da na san a ɗaure yake,
don hannuna ya rasa inda zai sa kansa.

Na ce, saurara.
In kun hau, ja birkin hannu har sai ya yi ƙara,
bar ta a giya ɗaya,
kada ka yarda da ruwa, ba shi da kwalta, ba shi da gefe.
Sai na ɗauko dutsen nan na bakin gareji,
baƙi, mai santsin mai,
wanda ya tare tayar kowace mota a unguwar nan,
na cusa shi a gefen jak.
Ya yi dariya, ya ce, har can babu dutse?
Na ce akwai, amma bai san ta ba.

Bayan asuba suka ɗau hanyar Kwangwalam,
katifa a bisa tana rawa,
Ummita ta manna tafinta a gilashin baya.
Ban ɗaga hannu ba. Sifana ce a ciki.

Kwana goma sha ɗaya, waya ta yi ƙara.
Iska na cinye rabin maganarsa,
a bayansa wani inji na gurnani,
ba fetur ba ne, dizal ne, kuma yana son sabis.
Ya ce mun sauka, bugu ɗaya ta tashi,
turmi lafiya, Barira ta yi amai sau biyu.
Na ce, dutsen fa?

Shiru.
Ya ce, ana ta oda a bayana, Yaya, na manta shi a jirgi.

To. Yanzu akwai dutsen Daura guda
da ke tsallaka ruwa safe da yamma,
ba fasfo, ba kuɗin fito,
bai sauka can ba, bai dawo nan ba.

A inda take tsayawa baƙin mai ya bar tabo.
Yaron shago ya kawo yashi zai zuba.
Na ce bari, je ka ba tattabaru ruwa.