Hodar Orikasa

Takardar da suka buga wa hatimi a Tokyo
shafi tara ce, na san ta kamar yunwar cikina.
Ta ce a auna farin gari, a niƙa, a tankaɗe,
a barbaɗa yuropiyam kaɗan, kamar gishirin marowaci,
a rufe kasko, a hana iska leƙe,
wuta ta kai digiri dubu da ɗari uku, awa huɗu.
Lamba a sama, suna a ƙasa:
Orikasa Shigeharu.

Ba ta ce ni na wanke kasko dubu biyu ba,
a bayan rumfarmu ta Namerikawa,
da ruwan da ya sauko daga ƙanƙarar dutse
har yatsuna suka daina gaya mini zafi.
Ba ta ƙirga waɗanda suka fito baƙi ƙirin ba,
ko wanda ya haska minti ɗaya ya mutu,
tsoho ya zauna a bokiti
yana cin shinkafa mai sanyi, bai ce uffan ba.

Ɗan masunci ne.
Yana yaro ya ga teku ta kama da shuɗin haske,
ƙananan halittu sun taso gaɓa cikin dare.
Ya ɗebo su a hula ya ruga gida,
kafin ya kai ƙofa sun dushe.
Shekara arba'in yana bin bashin hular nan.

Daren da ta yiwu, mantuwa ce:
na bar murfi a karkace, gawayi ya faɗa.
Muka kashe fitila za mu tafi,
sai kasko ya buɗe ido,
kore shar, kamar ɗanyen mangwaro.
Har asuba bai ƙifta ba.
A takarda an kira wannan mataki na biyar.

Shekara ashirin suka cika, haƙƙi ya faɗi,
kowa ya dafa tasa. Shi kuma ya riga ya tafi.

Bara ƙasa ta girgiza, lantarki ya ɗauke.
Muka fito da jikoki a baya, ba mai ganin wani.
A matakalar da ke hawa tudu
sai ga layi kore, taki bayan taki,
ranar jiya ce da hoda ta ɓoye mana.

Wata mata tana ƙirga wa ɗanta matakai.
Ba ta san sunansa ba.
Ni ma numfashi bai bar ni na faɗa ba.