Bashin Tururuwa

Kuran ya dawo bayan isha'i,
Garin Malam duk ta ɗau sowa.
Lawali ya jawo tele tsakar gida,
ya aza ta kan turmin da aka kife,
ya ce yau ba faɗa, ba ƴan rawa,
fim ɗin yau na tururuwa.

Muka yi dariya. Wa zai biya kuɗin wuta
don kallon abin da ke bin gindin randa?
Sai ga ta ta cika gilashi,
ƙugu kamar an shaƙe shi da zare,
baki almakashin telan Kasuwar Dole.
Autarmu Zuwera ta ruga ɗaki da kururuwa.

Bature na magana ta hanci,
Lawali na juya mana da Hausa:
wai suna da sarauniya, suna da masu reno,
da masu gadi, da masu fid da gawa,
wai aikin yau ba ya kwana.
Barmo mai faci ya ce, to me ake jira?
A ba su ma'aikatar ruwa!

Daga nan hoton ya sunkuya,
ya bi rami, ya yi ƙasa,
lungu bayan lungu kamar cikin Birni,
har wani ɗaki cike da tsaba,
an jera ta tsaf, ba ƙura, ba ɓawo.
Gwaggo Kuluwa na gefe tana ɓarar gujiya.
Ta ajiye faifai.
Ta ce, tsai da shi nan, ɗan ƙanena,
ɗakin nan na taɓa shiga, ba da sallama ba kuwa.

Shekarar da rumbu ya zama gidan ɓera,
ɓeran ma ya yi ƙaura,
mu biyar muka bi hanyar Tanut da asuba,
kowace da hauya da ƙwarya.
Inda muka ga layinsu, nan muka durƙusa.
Na haƙa har rami ya kai min ƙugu,
suna hawa zanena, suna cizo,
ban kaɗe ko ɗaya ba.
Mai gaskiya ne ke cizo, ɓarawo ya yi ta daurewa.

Rabin tiya na samu,
ƙwayar ciyawa, da ɗan gero tsinci-tsinci.
Na sheƙe, na daka, na dama.
Ubanka ya sha ludayi uku,
shi ya sa yau kake da bakin fassarawa.

Babu wanda ya yi tari.
Hoton na tsaye, wata na riƙe da ƙwaya ɗaya.
Gwaggo ta matso har hancinta ya kusa gilashi,
ta ce, can gaba, suna nuna hannun?
Wane hannu, Gwaggo?
Wanda ke fasa rufi daga sama.
Lawali ya ce babu.
Ta ce, to mai hoton nan ƙoshi gare shi,
ya shiga har ƙurya ya fito hannu wofi.
Rabin labari ya ɗauko,
sauran yana wurin masu yunwa.

Kafin a sake shi kuran ya ɗauke.
Muka zauna da duhu da ƙamshin gujiya,
ba wanda ya zagi kamfanin wuta,
abin da ban taɓa gani ba tun tasowa.

Da safe zan fita da bidon biyu,
na same ta bayan gida, gindin dutse,
tana zuba gero daga bakin zane.
Ashe shekara da shekaru take haka,
mu muna cewa kaji take ciyarwa.
Ta ce, rabin tiya ne, amma na rani,
ban san farashinsa ba, shi ya sa ba ya ƙarewa.

Lawali ya zo da salula zai ɗauka.
Ta kare fuska da faifai,
ta ce, ni me na yi? Sunkuya ƙasa.
Ya sunkuya.
Suna ta ja, ƙwaya ƙwaya,
ba wadda ta ɗaga kai,
ba godiya, ba tuhuma,
layi ɗaya har rami suna shigewa.