Gurbin Rediyo

Da zare na auna gurbin
da rediyon Baba ta bari a kabad.
Na yi ƙulli inda katako ya tare ni,
na jefa a aljihu, na hau motar Jega.

Shagon Arzika na bayan masu albasa,
sai ka share hawaye kafin ka ga haja.
Ya ce, "Mi kaka biɗa, malam?"
Na ce madabod, uwar allon kwamfuta,
wadda za ta zauna ƙarƙashin talabijin
ta yi aikinta bakinta alaikum.

Ya sauko da babba, faɗin tire,
ramukan ram huɗu a jere kamar kunyar dankali.
"Wagga ko jikanka sai ya gaje ta."
Na shimfiɗa zarena a kanta.
Ƙulli ya tsaya tun ba a je ko'ina ba,
ya ƙi gaba, kamar jaki a bakin gada.

"To a faɗaɗa kabad ɗin mana."
Ban amsa ba.
Nomau kafinta ya sassaƙa shi da maɗaci
shekarar da aka yaye ni,
shi da Baba duk suna kwance gabas da Maiyama.
Wa zan ba zarto?

Matsakaiciya ta zo, ta wuce da yatsu uku.
Yatsu uku kawai!
Na juya ta, na karkata ta, na roƙe ta.
Awo ba ya jin magiya.

Can ƙasan kwali, cikin leda mai ƙyalli,
sai ga auta:
santimita goma sha bakwai kowane gefe,
ramukan ram biyu, kafar hoto da sauti ɗaya,
ƙwaƙwalwarta manne a jikinta,
bisa kai wani ƙarfe mai haƙoran mataji
yana shan zafi a madadin fanka.
Zarena ya rufe ta har ya bar jela.

Da ya faɗi kuɗi na dafe benci.
"Ƙarama ta fi babba tsada?"
Ya yi dariya: "Tambayi mai gyaran agogo."

Na tambayi bazara, lokacin da bango ke gasa baya.
Ya ce, "Huda mata iska, kak ka lulluɓe ta."
Na tambayi wuta, don batirin solarmu tsoho ne,
bayan isha'i sai lallashi.
Ya ce ba ta kai ƙwai biyu ci ba.
Ya kuma faɗi aibinta, Allah ya saka masa:
ba ta ɗaukar ƙari,
yadda ka saye ta haka za ku tsufa.
Na ce ai haka na samu kowa a gidanmu.

Kwana biyu ina ɗaure sukurori,
ɗaya ya faɗa tabarma, Tumba ta tsinto da tsintsiya.
Akwatin ya shige gurbin
kamar dama can ajiya aka ba shi.

Daren Juma'a na kunna tsohon kaset
da na kwashe cikin na'ura tun bara:
Baba a fadama, ranar yankan shinkafa,
hoto na rawa, launi ya koɗe,
yana magana ƙasa-ƙasa yadda ya saba.
Babu kukan fanka.
Muka ji gyaran muryarsa,
muka ji lauje, har da wani tsuntsu a nesa
da babu wanda ya tuna da shi.

Inna ba ta kalli gilashi sosai ba,
idon ya yi nisa.
Ta matso da gwiwa, ta lalubi kabad,
ta ɗora tafi a kan akwatin, ta daɗe.
Ta ce, "Ɗumi gare shi,
irin na rediyon."

Zaren yana nan a aljihun rigata.
An wanke ta sau biyu, ƙullin bai kwance ba.