Ganga Huɗu a Bardstown

Ƙarfe shida Wendell ya buɗe rumbu,
sanyi ya riga mu shiga.
Ganguna jere har rufi, kowace da lambarta da alli,
babu ɗaya da muka dafa da hannunmu.
Saye muka yi, sayen awaki a kasuwar ƙauye:
a duba haƙori, a taɓa ƙugu, a taya.

Ta Indiyana shekararta bakwai.
Na kai hanci, ta kai mini mari:
masoro, kanumfari, ɗanyen na'ana'a.
Mafaɗaciya ce, ba ta iya zama da mutane ba.
Ta Teksas rana ta gasa ta fiye da kima,
ja har ta yi baƙi, kauri kamar maɗi,
a ƙarshe ɗaci, ƙanzon da aka manta a tukunya.
Ta Tenesi ba ruwanta,
nunanniyar ayaba, mazarƙwaila,
ka haɗiye ka nemi inda ta bi ka rasa.
Ta huɗun wani tsoho ya dafa a bayan gonarsa a Vermont,
ganga goma ya cika kafin gwiwa ta zaunar da shi.
Mu muka sami ta ƙarshe.
Hayaƙin kara da asuba,
da tuffar da ta kwana a aljihu.

Wendell yana da ma'auni,
siririn gilashi mai zane-zane, da littafi.
Ni hanci gare ni, gadon gida.
Uwata Tarana shekara talatin tana dafa burukutu a Kafur,
ba ta taɓa auna komai ba.
Kunne take ɗorawa a cikin tulu,
ta ce, bai gama magana ba tukuna.

Haɗin farko Indiyana ta danne kowa,
harshena ya yi awa guda yana raɗaɗi.
Na biyu alewar yara.
Na biyar Wendell ya tofar, ya ambaci kakarsa.
Muka ci busasshen burodi, muka kuskure baki,
muka fita muka tsaya a tsakar gida
har hancinmu ya dawo.
Wani kare ya zo ya sunsune mu, ya yi gaba.

A na goma sha ɗaya na ce a rage Teksas,
a rage, a ƙara ragewa,
kamar kanwa a miyar kuka.
Tenesi ta zama tabarma, Indiyana ta zauna a kai.
Ta tsohon kuwa, cokali biyu.
Ya ce biyu ba sa komai.
Na ce daddawa ma ba da kwano ake zuba ta ba.

Muka ɗanɗana. Kowace tana jan zanenta.
Na ce a rufe, ba su gama magana ba.

Mako shida.
Ganye ya zube, Wendell ya yi mura ya warke.
Ran da muka buɗe, na ɗiga ruwa ɗigo uku, na jira.
Goriba ce ta fara sallama,
sai gyaɗar da aka soya cikin yashi,
sai citta ta taka a tsakiyar harshe, ba da gudu ba.
Zuma, ga zaƙi ga harbi.
Na haɗiye. Na yi zaton an tashi,
sai ga hayaƙin nan can ƙasan maƙogwaro
ya zo a makare, ya ƙi tafiya,
kamar baƙon da ya san gidan tun ba a haife ka ba.

Kwalba ɗari takwas da sittin za ta yi.
In sun ƙare sun ƙare,
gangar tsohon ba ta da ƙanwa.
A jikin takarda za a rubuta sunan kamfani,
ba nawa, ba nasa.

Kafin mu rufe na tsiyaya kaɗan a ƙasa.
Wendell ya ce, kin san dala nawa ke nan?
Na ce na sani.
Siminti ne, bai sha ba.
Na tsaya har ta bushe.