Kalwa a Skipton

Ƙarfe biyar na asuba na taso daga aikin dare,
Skipton na barci, yayyafi na wanke duwatsun titi.
Na haɗa shayi, na buɗe Littafin da Baba ya bar mini,
mai saɓulallen bango, wanda gefensa ya sha jan biro.
Baba mai bishara ne a Malumfashi,
in ya ɗaga murya da aya
har awakin maƙwabta sai sun bar tuƙa.

Yau babin yaƙi ya faɗo mini.
An ci gari da kaifin takobi,
ba a bar ko na goye ba,
aka kuma ce umarni ne.
Na maimaita sau uku, shayin ya huce.
A gefen shafin Baba ya rubuta Amin.
Nawa bakin ya ƙi.

Ran Lahadi na tafi wurin Abokai,
ɗan ɗakin dutse da ke ɓoye a lungu.
Ba fasto, ba ganga, ba mai cewa a miƙe.
Mu goma sha huɗu, benci na kallon benci,
mutanen da ko kara ba sa ɗaga wa maƙiyi.
Sun ce akwai haske a cikin kowa,
a zauna a jira shi.
Na zauna, ayar na ƙuna na
kamar garwashi a haɓar zani.

Bututun ɗumama ɗaki ya yi tari.
Cikin wani ya yi ƙugi.
Awa guda, ba wanda ya ce uffan.

Wajen shan shayi na tare Marjorie Hebden,
shekara tamanin da ɗaya, hannunta na rawa:
Wa zan bi, takarda ko shiru?
Ta daɗe tana juya cokali.
Ta ce, Rahila, wanda ya yi magana da mutanen da,
kin ji labarin ya yi bebanta ne?

A hanyar gida na tuna Goggo Tabita da kalwarta.
Ba a cin ta ɗanya, sai ta karya haƙori.
A dafa ta kwana guda, a surfa, a wanke,
a lulluɓe da ganye, a tura ta kusurwar ɗaki,
kada yaro ya leƙa.
Kwana uku cikin duhu,
sannan ta zama abin da miya ke nema.

Ban yage shafin ba, ban tsallake shi ba.
Na dafa shi da asuba, ni kaɗai,
Lahadi na kai shi a lulluɓe.
Har yanzu da tauri.
Wani makon ma sai in ji kamar tsakuwa na dafa.

Amma jiya na feƙe fensir,
ƙarƙashin jan Amin na Baba
na rubuta da ƙananan baƙaƙe:
Ina jira.