Arba'in da Biyu, Arba'in da Uku

A Balogun, bayan layin masu leshi,
inda ruwan kwata ke ratsa hanya ba sallama,
nan shagon Madam Ebere yake.
Sabbin kaya na cikin gilashi, fanka na musu fifita.
Nawa ba ya ciki.
Nawa na bakin ƙofa, a kwali mai yagaggen baki,
cikin tarin waɗanda aka saya aka fasa.

"An dawo da su ne," in ji ta,
"wanda ya ɗauka, ya ɗauka ke nan."
Na tsuguna na naɗe hannun riga.

Ga na biki mai ruwan gwal,
dare ɗaya ya taka rawa, aka goge shi aka ce ya matse.
Ga na yaro, ja, mai fitila a dunduniya,
fitilar hagu ta mutu.
Ga wani da bera ya ɗanɗana ya bar sauran.
Kowanne da laifinsa a goshi,
kamar mu da muke tona su.

Can ƙasa na same shi.
Baƙi, sau-ciki, fata mai ƙamshin fata,
igiyarsa ko kunce ta ba a gama ba.
Na juya tafinsa:
hagu arba'in da biyu,
dama arba'in da uku.

Wani bawan Allah ya biya kuɗinsa cif,
ya haye doguwar gada da shi a cinya,
ya isa gida, ya zura, ya yi tsaki,
washegari ya sake shan cunkoso don ya maido.
Ban san sunanka ba, ɗan'uwa.
Allah ya huci zuciyarka.

Shekara tara ke nan
da buhun albasa ya suɓuce daga tirela a Mil Sha Biyu
ya zaɓi ƙafata ta dama.
Malam Tukur maɗori ya yi iya yinsa,
ta warke, amma ta warke da faɗi.
Tun ranar ba takalmin da ya ishe ni gaba ɗaya:
in dama ta sake, hagu na iyo,
sai na cusa tsohuwar jarida;
in hagu ta zauna, dama na kuka har Agege.

Na zura wannan.
Shiru.
Ƙafafuna biyu, karon farko, ba mai ƙorafi.

Na ɗaure fuska, don kasuwa ba a nuna mata so.
"Dubu goma sha biyu."
"Haba Madam, wa zai sayi wa da ƙani?"
Muka ja, muka saki,
na yi kamar zan tafi, ta yi kamar ba ta gani ba,
muka tsaya a bakwai da rabi.

Sai da ta ƙirga ta soke a ɗamara
cikina ya ƙi ɗaukar abin.
Na cire silifas na nuna mata ƙafar.
Ta duba, ta duba takalmin,
ta yi dariya har ta dafa kanta:
"Ashe kai aka ɗinka wa! Kawo ciko!"
Ban kawo ba. Ta ƙara mini leda ta biyu saboda hadari.

Ranar Asabar Ummulhairi za ta karɓi kyautar lissafi.
An ce uba zai hau dandamali,
matakala huɗu, a gaban mutane.
Tun Litinin nake ƙirga su.

Ruwa ya sauko kafin Obalende.
Danfo na yoyo ta saman taga,
kwandasta na ihun canji,
wata mata ta ɗora mini kwandon kifi a gwiwa.
Na rungume ledar a ƙirji, ƙarƙashin riga.
A tashar Agege na sauka cikin ruwa har idon sawu,
tsohon silifas na tafi da ni gida,
yana tafa mini a dunduniya,
bai san an sallame shi ba.