Kashi Biyu Cikin Ɗari

Ƙarfe ɗayan dare a Kastro, tsibirin Ciloye,
ruwan sama na kiɗa a kan kwanon rufi,
ni da shayin da ya huce
muna duban ƙididdigar baƙin shafina.

Shafin ba wani abin a zo a gani ba ne:
lokutan jirgin fito tsakanin tsibirai,
kuɗin mutum, kuɗin mota, kuɗin buhun dankali,
sai shuɗin maɓalli guda a ƙasa, Sayi tikiti.

Saba'in da ɗaya cikin ɗari da Kurom suke shigowa.
Sha tara da Safari, yawanci baƙin bazara
masu ɗaukar hoton gidajenmu na kan turaku.
Takwas da mai yanyawar nan mai wutsiyar wuta.
Sai biyu can gindi,
siririn layi kamar zaren da ya saura a allura,
tsohuwar burauza da masu ita suka yaye ta
tun ina 'yar makaranta.

Anselmo, mai kamfanin, ya ce, Ximena, bar su,
ɗigo biyu ba ya cika tulu.
Na kusa yarda.

Ran Talata waya ta yi ƙara.
Muryar tsoho, da iskar teku a bayanta:
Eladio Cárcamo ne daga Kewi,
'yata, maɓallinki ya nutse.

Na ce, yana nan, baba, ga shi ina gani.
Ya ce, a gidanki yake nan.

Na hau jirgin da nake sayar wa tikiti,
karo na farko, abin kunya.
Kwamfutarsa na kan tebur kusa da murhu,
an lulluɓe ta da saƙar ulu ta marigayiya Herminia.
Ta ɗauki minti huɗu tana tari kafin ta farka.
Sai ga shafina, ɗan da na haifa, ban gane shi ba:
haruffa sun hau kan juna kamar kifi a kwando,
Alhamis ta faɗa cikin Juma'a,
hoton jirgi ya kwanta a kan maɓallin
ya bar ƙaramin shuɗi yana leƙe kamar farce.

Duk Alhamis yake haye ruwa zuwa wankin ƙoda.
Sau uku ke nan maƙwabci ke saya masa,
shi kuwa ba ya son roƙo.

Na koma na yi kwana tara ina ɗinki.
In gyara wa tsohuwar, Safari ta tsuke baki.
In lallashi Safari, yanyawa ta ja layi gefe.
Gyaran gangar Auzinawa sak.
Magana ɗaya nake faɗa,
kunnuwa huɗu na ji, kowanne da fassararsa.
Ƙarshe na cire ado, na cire inuwar haruffa,
na cire jirgin da ke lilo in an taɓa shi,
wanda na ɓata mako guda ina alfahari da shi.
Abin da ya rage tsirara ne kamar allon tasha,
amma ya tsaya cak a kowace taga.

Anselmo ya duba, ya ce ya yi muni.
Gaskiyarsa.

Cikin sanyin Yuli layin ya sauka,
biyu ta koma ɗaya da 'yan kai.
Gabana ya faɗi. Na kira Kewi.
Ta yi ƙara sau bakwai.

Ya ɗauka yana faɗa:
jikarsa ta kawo masa waya daga Santiyago,
rubutun ƙanana ne kamar ƙwan kifi,
yaushe zan zo in gyara?

Layukan da na rubuta wa tsohuwar burauza
suna nan, arba'in da uku, ban share ba.
Akwai sauran ɗaya da 'yan kai
da ba su kira ni ba tukuna.